Abincin da Ya Rage Kolestirol a Jikin Ɓera: Tambayoyi da Amsoshi

Da wuya mako ya wuce wani bai turo mini saƙo irin wannan ba: "Malam, an ce bincike ya tabbatar ganye kaza yana wanke kitsen jini, gaskiya ne?" In na bi sawun binciken, galibi a gaban kejin ɓeraye nake tsintar kaina. Binciken na nan, ba ƙirƙirarsa aka yi ba, sai dai kafin ya iso waya an yanke masa kai da ƙafa. Ga tambayoyin da suka fi dawowa.

Kolestirol shi ne kitsen da muke gani a jikin nama?

A'a. Kolestirol abu ne mai kama da kakin zuma, kuma jiki ba ya rayuwa ba shi. Da shi ake gina bangon ƙwayoyin halitta, daga gare shi ake samar da bitamin D da wasu sinadaran hormon da ruwan madaciya. Mafi yawansa jiki ne ke ƙerawa, hanta ce babbar maƙerar. Ragowar daga abincin dabba yake zuwa: gwaiduwar ƙwai, ƙwaƙwalwa, hanta, man shanu. Shi ya sa rubuta "babu kolestirol" a jikin galan ɗin man gyaɗa ba abin yabo ba ne, dama can ba a san shi da shi ba. Abin da ya fi ɗaga kolestirol a jini shi ne mai mai daskarewa, irin kitse da man shanu da manja.

Tunda mai da ruwa ba sa shiri, a cikin wasu 'yan dako yake yawo a jini, manyansu LDL da HDL. HDL shi ne mai kwaso kolestirol ya mayar wa hanta, shi ya sa ake ce masa mai kyau. In LDL ya yi yawa sai ya riƙa maƙalewa a bangon jijiya, shekara da shekaru, har hanya ta tsuke, a wayi gari da bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. A takardar gwaji ana son jimillar ta kasance ƙasa da 200 mg/dL, wato 5.2 mmol/L. Siririn mutum ma yana iya zarce haka.

Me ake nufi da abinci mai aikin magani?

Abinci ne da ake ci kamar kowane abinci, amma ana sa ran zai yi wani aiki na musamman a jiki bayan ƙosarwa. A Japan aka raɗa wa abin suna a shekarun 1980, a 1991 kuma gwamnatinsu ta kafa tsarin FOSHU, inda kamfani zai kawo hujja kafin a bar shi ya rubuta amfanin lafiya a jikin kayansa. Wani a yadda Allah ya halicce shi yake, kamar ots da wake. Wani ƙara masa sinadari ake yi, kamar bota ta Benecol da aka fara sayarwa a Finland a 1995.

Me ya sa sai an fara da dabbobi?

Saboda abin da za a yi wa dabba ba zai yiwu a yi wa mutum ba. Ana iya auna duk lomar da ta ci, a hana ta komai sai abin da aka ba ta, a ƙarshe a buɗe jijiya da hanta a gani da ido. Tushen ilimin nan ma daga zomo ya fito. A 1913 a birnin St. Petersburg na Rasha, Nikolai Anichkov ya narka tsantsar kolestirol a man girki ya riƙa ba zomaye, da ya buɗe babbar jijiyarsu sai ya tarar da dasashi irin na tsofaffin mutane.

Abokan aikinsa da yawa ba su yarda ba. Suka ce zomo ciyawa yake ci, ina ya san kolestirol? Da aka gwada a karnuka da ɓeraye kuma, jijiyarsu ba ta nuna komai ba. Sai bayan shekaru masu yawa aka gane Anichkov ya yi gaskiya, su ma masu musun ba su yi ƙarya ba: kowace dabba da yadda jikinta ke sarrafa kolestirol. Duba tambayar bambancin ɓera da mutum a ƙasa.

Yaya ake yin irin wannan gwajin?

Na sha tsayawa a ɗakin dabbobi na wata jami'a lokacin da 'yan ajin ƙarshe ke aikin kundinsu. Tun daga bakin ƙofa warin fitsari da garin katako zai yi maka maraba. Fararen ɓeraye ne masu jan ido, jinsin Wistar, an raba su gida biyar, kowane gida biyar ko shida, an shafa wa wutsiyar kowanne launi don kada a rikita. Gida na farko abincin yau da kullum yake ci. Sauran huɗun an cakuɗa musu abinci da gwaiduwar ƙwai ko kitse ko garin kolestirol. A cikinsu ɗaya ba a ba shi komai, ɗaya ana ba shi maganin asibiti, biyu kuma tsimin ganyen da ake gwadawa. Kowace safiya ɗaliba za ta damƙi fatar wuyan ɓera, yana wutsil-wutsil, ta zura siririn bututu ta baki har ciki ta ɗura masa. Bayan mako uku ko huɗu sai a kwanar da su ba ci, a sa su barci, a ɗebi jini, a cire hanta.

Abin lura shi ne yadda ake sa musu cutar. Ɓera ba ya samun hawan kolestirol da sauƙi, sai an matsa masa. Akan zuba kolestirol kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyin abincin, a ƙara da gishirin madaciya don ya tsotsu dole. In aka kwatanta da mutumin da ke cin rabin kilo na busasshen abinci a rana, kashi 1 ɗin nan giram 5 ke nan, kusan gwaiduwar ƙwai 27 kullum. Wasu ma allurar sinadari irin Triton WR-1339 suke yi, cikin awanni jini ya cika da mai. Abin da ya sauko da irin wannan hawan na gaggawa ba lalle ya taɓa wanda ya yi shekara ashirin yana taruwa a jikin magidanci ba.

To mene ne bambancin ɓera da mutum a wannan fanni?

Mu mafi yawan kolestirol ɗinmu a LDL yake. Ɓera nasa a HDL yake. Jininmu na da wani furotin da ake kira CETP mai sauya kolestirol daga HDL zuwa su LDL, ɓera ba shi da shi. Babban ɓeran gwaji ko jakar madaciya ba shi da ita, kuma hantarsa gwana ce wajen mayar da rarar kolestirol ta zama ruwan madaciya ta fitar. Kusan a ce an je gwada maganin sauro a garin da babu sauro.

Zomo da hamsta (wata 'yar dabba mai kama da ɓera) suna da CETP. Ɓeran Masar, wanda yara ke kiwo a gida, a LDL yake ɗaukar nasa kamar mu. Alade da biri sun fi kusa, amma tsada da wahalar kiwo sun sa ba kowa ke iyawa ba. Akwai kuma waɗanda aka tanada musamman: zomon Watanabe da aka gano a Jami'ar Kobe a 1973, mai gadon hawan kolestirol, da ƙananan ɓerayen da aka cire wa ƙwayar gado ta ApoE a 1992, waɗanda jijiyarsu ke toshewa ko da abincin yau da kullum suke ci. Saboda haka in aka ce "an gwada a dabba", tambayar farko ita ce wace dabba.

Akwai lokacin da dabba ta ɓatar da masu bincike?

Sau da yawa, kuma ta kowane ɓangare. Labarin da na fi so na Akira Endo ne, masanin Japan da ya tace nau'in fumfuna kusan 6,000 yana neman abin da zai toshe maƙerar kolestirol a hanta. A 1973 ya samu, daga wata fumfuna mai suna Penicillium citrinum. Aka ba ɓeraye, shiru, kolestirol ko gezau. Hantar ɓera tana ganin an toshe mata hanya sai ta ninka ma'aikatan. Saura ƙiris kamfanin da yake wa aiki ya rufe aikin. Sai aka gwada a kaji masu ƙwai, ya yi aiki, aka gwada a karnuka da birai, ya yi aiki. Wannan shi ne kakan magungunan statin da miliyoyin mutane ke sha yau. Da an tsaya a hukuncin ɓera, da an jefar da shi.

Akasin haka ya faru da maganin torcetrapib na kamfanin Pfizer. Ya ɗaga HDL, ya rage toshewar jijiya a zomaye. Da aka kai ga mutane kusan 15,000, a Disambar 2006 aka dakatar da gwajin domin masu shan sa sun fi mutuwa. Ga kuma gahawar da aka tafasa ba a tace da takarda ba: akwai sinadarin kafestol a cikinta mai ɗaga kolestirol a jikin mutum, amma yawancin dabbobin da aka ɗura wa ba su nuna haka ba.

Ta wace hanya abinci ke rage kolestirol?

Hanyar da aka fi fahimta ta yauƙi ce. Hanta na amfani da kolestirol ta yi ruwan madaciya ta zuba a hanji don narkar da mai, kuma kusan kashi 95 cikin 100 nasa hanji ke sake tsotsewa ya mayar mata. In abinci mai yauƙi ya shiga, irin ots ko sha'ir ko kuɓewa, sai ya yi kauri ya riƙe wani ɓangare ya fita da shi a bayan gida. Hanta ta ga gibi, ta jawo LDL daga jini ta cike.

Ta biyu ta sinadaran sterol na tsirrai ce. Sun yi kama da kolestirol sosai, sai su yi masa cunkoso a ƙofar hanji, kaɗan ya samu shiga. Ta uku toshe maƙerar hanta, aikin statin ke nan, kuma ita ce ta jar shinkafa da za a yi bayani a gaba. Akwai ta huɗu wadda ba a cika yi mata talla ba: wanda ya cika ciki da wake ya rage gurbin tsire da kitse.

Waɗanne ne suka tsallake daga keji zuwa jikin mutum?

Ots na gaba. A 1963 wasu masu bincike a Holand suka ga ya rage kolestirol a ɓeraye, suka gwada a samari, nan ma ya rage. Gwaje-gwaje suka yi ta taruwa har a 1997 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yarda a rubuta haka a jikin kwali, da sharaɗin giram 3 na yauƙinsa, beta-glukan, a rana. Daga baya aka sa sha'ir a sahu. Sterol na tsirrai a kaji aka fara ganin aikinsa a 1951, kuma giram 2 a rana na rage LDL da kusan kashi 10. Dangin wake, kamar giram 130 na dafaffe kullum, kusan kashi 5. Waken suya ya samu amincewar FDA a 1999, amma a 2017 hukumar ta nemi janyewa domin sababbin gwaje-gwaje ba su yi ƙarfin na da ba.

Kowanne shi kaɗai ɗan kaɗan ne. David Jenkins na Jami'ar Toronto ya ce to a haɗa su. A gwajinsa na 2003, mutum 46 na wata guda, an haɗa ots da sha'ir da waken suya da almon da bota mai sterol, kayan miyar kuma kuɓewa da yalo. LDL ya sauka da kusan kashi 29, na masu shan maganin statin mai suna lovastatin kusan kashi 31. Amma a can kusan duk abincin ba su aka yi. Da aka maimaita a 2011 na wata shida, shawara kawai ake ba mutum ya je ya dafa da kansa, sai ragin ya tsaya wajen kashi 13.

Waɗanne ne suka faɗi?

Tafarnuwa ta fi ba mutane haushi, domin a ɓera da zomo ta yi suna. A 2007 Jami'ar Stanford ta raba mutum 192, wasu ɗanya, wasu gari, wasu tsimi, wasu ƙwayar da babu komai a ciki, wata shida. LDL bai motsa ba. Polikosanol, da ake cirowa daga kakin jikin rake, an yi ta yabonsa daga Kyuba, gwajin Jamus na 2006 bai ga komai ba. A 2022 asibitin Cleveland Clinic ya gwada man kifi, kirfa, tafarnuwa, kurkur, sterol da jar shinkafa, irin na kwalba da ake saya a kanti, a mutum 190 na kwana 28. Babu wanda ya fi ƙwayar wofi a zahiri, alhali ƙaramin statin na miligiram 5 ya rage LDL da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Gwajin gajere ne kuma mutanen kowane gida kaɗan ne, saboda haka bai rushe hujjar sterol da ta gabata ba. A ci gaba da sa tafarnuwa a miya, don daɗinta.

Ina labarin namu: zogale, zoɓo, dawa, wake?

Duka an gwada su a dabbobi. A 2000 masu bincike na Jami'ar Najeriya da ke Enugu sun ba ɓerayen Wistar masu cin kitse tsimin ganyen zogale, kolestirol na jini ya ragu da kusan kashi 14. A 2003 a Taiwan an ba zomaye tsimin zoɓo, toshewar jijiyarsu ta ragu. A 2005 a Jami'ar Nebraska man da aka tatso daga dawa ya rage tsotsar kolestirol a hamsta, a 2008 kuma a Brazil wakenmu mai baƙin ido ya yi irin haka a hamsta. Waɗannan ukun na baya sun fi nauyi a wurina, saboda dalilin da ke amsar bambancin ɓera da mutum.

A jikin mutane, zoɓo ya fi ƙarfin hujja wajen hawan jini, na kolestirol kuwa wani gwaji ya ce e wani ya ce a'a. Sannan a duba yadda muke cin su. Zoɓon gwaji babu sukari, namu sai cokali ya kusa tsayawa. Kakin dawa, wato man nan da aka tatso, a bayan ƙwayar yake, mu kuwa mu surfe ta tas mu ba awaki dusar. Wake a alale ko dafa-duka daban yake da ƙosan da ya yi wanka a man da aka soya sau biyar. Kwaɗon zogale abinci ne mai kyau ko da babu ɓeran da ya taɓa cin sa.

An ba ɓera miligiram 400, ni nawa zan sha?

Ba a ninka nauyi kai tsaye, domin jikin ƙaramar dabba ya fi saurin ƙone abu. Ƙa'idar da aka saba ita ce a raba na babban ɓera da 6.2, na ƙarami da 12.3. Miligiram 400 a kowane kilo zai koma kusan 65, ga mutum mai kilo 70 giram huɗu da rabi ke nan. Amma na tsimi ne, wanda sau da yawa da sinadarin etanol ko metanol aka tatso aka busar. In a misali kilo ɗaya na busasshen ganye ya ba da giram 100 na tsimi, sai ka ci giram 45 na garin ganye kullum, kuma ba lalle abin da etanol ya ciro ruwan shayi ya ciro ba. Lissafin nan don masu shirya gwaji aka yi shi, ba don a auna a kicin ba.

Nono da kindirmo fa?

Maganar ta taso ne daga Maasai na gabashin Afirka. A 1974 George Mann ya ba da rahoton samarin da suka sha nono mai tsami da yawa, suka ƙara ƙiba amma kolestirol ya sauka. Daga nan aka shiga gwada ƙwayoyin bakteriyar nono a ɓeraye da aladu, aka ga wasu na sauya ruwan madaciya yadda hanji ba zai iya mayar da shi ba. A mutane ragin kaɗan ne, kuma ya danganta da ainihin irin bakteriyar. Nonon da aka kaɗe aka cire man ya fi dacewa da mai wannan matsala a kan kindirmo mai maiƙo.

Tunda abinci ne, ai ba zai cutar ba?

Jar shinkafar Sin, wadda ake tsimawa da fumfunar Monascus, tana rage kolestirol da gaske, domin sinadarin monakolin K da ke cikinta shi ne lovastatin sak. Wato magani ne, da illolinsa na ciwon tsoka da taɓa hanta, sai dai ba ka san nawa ke cikin kowace ƙwaya ba. A 2022 Tarayyar Turai ta iyakance shi ƙasa da miligiram 3 a rana. A Maris na 2024 kamfanin Kobayashi na Japan ya janye nasa daga kasuwa bayan an kwantar da mutane da yawa da ciwon ƙoda, aka kuma danganta abin da wata gubar fumfuna da ta gurɓata shi.

A Najeriya lambar NAFDAC mai ƙarewa da harafin L a jikin maganin gargajiya shaida ce ta an duba lafiyar shan sa, ba shaidar yana warkar da abin da aka rubuta ba.

Zan iya ajiye statin na koma kan abinci?

Ba tare da likitanka ba, a'a. Ɓera na nuna lambar jini, amma abin da ake gudu bugun zuciya ne, kuma a nan statin na da hujjar dubban mutane: duk ragin 1 mmol/L na LDL na rage haɗarin da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar jiki, ko mai ciwon suga, ragin kashi 5 na wake ba zai ishe shi ba. Haka mai gadon cutar, kusan mutum ɗaya cikin 250, 'yan'uwan zomon Watanabe a ciwo. Abincin ana haɗa shi da maganin, kuma ragin nasu na taruwa.

In na ga rahoton bincike, me zan duba?

Wace dabba, guda nawa, kwana nawa. Abinci aka ba ta ko tsimi. Sannan a duba ko an auna abin da kowane gida ya ci, domin tsimi mai ɗaci na kashe wa ɓera sha'awar abinci, ya rame, kolestirol ya sauka, a ce ganye ne ya yi. A duba kuma ko auna LDL aka yi ko lissafa shi. Yawancin ƙananan bincike lissafin Friedewald na 1972 suke amfani da shi, wanda daga jinin mutane aka fitar, bai kuma zauna daidai a jinin ɓera ba.

Ta yaya zan san ko canjin abinci ya yi mini aiki?

A yi gwajin jini kafin a fara, a riƙe canjin mako shida zuwa goma sha biyu, a koma ɗakin gwajin da aka yi na farko. LDL za a duba, ba jimilla kaɗai ba. Lambar na ɗan hawa da sauka da kanta daga mako zuwa mako, har ta kan ɓoye ragin kashi 5, saboda haka sauya abu ɗaya tak da wuya ya bayyana a takarda, sai an haɗa uku ko huɗu kamar yadda Jenkins ya yi. Kada a yi gwajin ana cikin zazzaɓi ko an tashi daga jinya kwanan nan, domin rashin lafiya na saukar da kolestirol na ɗan lokaci. A jira 'yan makonni bayan an warke.